Uwargida, Yaushe Rabonki da Littafi?

 

A wannan watan za mu ɗan huta da zancen kishiya da dangin miji. Tambaya ce nake ɗauke da ita, kuma ina so ki amsa wa kanki tsakaninki da Allah: yaushe rabonki da ki ɗauki littafi ki karanta shi daga bango zuwa bango? Na san za ki ce ina lokaci, ga girki, ga wanki, ga yara, wata ma ga aikin ofis ko sana'a. Na yarda. Amma 'yar uwa, lokacin nan da kike cewa babu, waya tana samunsa kullum, wani lokaci har ƙarfe ɗayan dare.

Wadda ta yi makarantar kwana a shekarun 1990 ba za ta manta yadda littafi guda yake zagaya ɗakin kwana ba, har bangonsa ya fita, a liƙe shi da ƙullun fulawa, a ci gaba da layi. A unguwa kuma akwai masu bayar da haya, ki karɓa da la'asar ki mayar da safe. Yau karatun ya koma cikin waya, kuma ba na cewa laifi ne. Damuwata ita ce yaron da ya tashi bai taɓa ganin littafi a hannun uwarsa ba, sai ga shi ana dukansa a kan ba ya son karatu. Ina zai gani ya so? A je jeren amarya a ga kwabet cike da tangaran da ba za a taɓa cin abinci a ciki ba, amma ko kanta ɗaya ta littattafai babu.

To ga waɗanda nake ganin za ki ji daɗinsu. Ban zaɓo su don sun fi kowane ba, na zaɓo su ne don ba sa sa barci.

Ki fara da abin da za ku karanta tare da yara, wato Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, littafi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939. Da yawanmu a aji muka san shi, da bulalar malam a gefe, shi ya sa ba mu ɗanɗani zaƙinsa ba. Ki sake ɗaukarsa yanzu da girmanki. Sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa, waziri yana ƙulla masa sharri, aku kuwa ya tsare yaron da labari bayan labari har gari ya waye. Duk uwar da ta taɓa hana yaro fita da dabara maimakon tsawa za ta ga kanta a wannan aku. Kada ki wuce labarin Kalala da Kalalatu, matar da ta cinye kajin da aka tanadar wa baƙo sannan ta san yadda ta haɗa miji da baƙon tsere. Ki karanta shi bayan sallar isha'i, labari ɗaya kowane dare, ki tsaya daidai inda ya yi daɗi. Gobe su za su kawo miki littafin da kansu. In kun gama, ga Ruwan Bagaja, wanda ya samo asali daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta yi wa juna ƙeta gari bayan gari.

Daga wannan gasa ne kuma aka samu Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta tun yana malamin makaranta, shekaru da yawa kafin ya zama Firayim Minista. Ɗan siririn littafi ne, za ki iya gama shi tsakanin azahar da magariba. Ana cewa labarin Umar ne, yaron da aka sace a zamanin cinikin bayi har ya tsinci kansa a ƙetaren Sahara ya zama babban malami. Ni kuwa a wurina labarin uwarsa ne, wadda ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu bauta. A wannan zamani da iyaye mata da yawa a ƙasar nan suke kwana ba su san inda aka kai 'ya'yansu ba, littafin ya daina zama tsohon labari. Ki ajiye hankici kusa.

Sai namu na mata. Hajiya Hafsat Abdulwaheed ce ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980, labarin Boɗaɗo, 'yar Fulani da ta kafe a kan auren wanda ba jininsu ba. Amma in ɗaya kawai za ki saya a bana, ki nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Rabi tana da 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu yana da rumfa a kasuwa amma cefane sai an yi faɗa. Ya auro Delu, aka kori Rabi da yaranta. Abin da ya sa nake son littafin shi ne marubuciyar ba ta zaunar da Rabi tana kuka har shafin ƙarshe ba. Ta tashe ta ta kama sayar da abinci, ta riƙe makarantar yara, ta aurar da Saudatu. Ƙarshen littafin kuwa har yau mata suna musu a kansa, wasu na cewa daidai ne, wasu na cewa an cuci Rabi sau biyu. Ba zan faɗa miki ba, ki karanta ki rubuto mana naki ra'ayin. An fassara shi zuwa Turanci, wani kamfanin ɗab'i na Indiya ya buga a 2012, wato mutanen da muka daɗe muna kallon finafinansu su ma sun zauna sun karanta namu. Wa Zai Auri Jahila? shi ma nata ne, kuma ita kanta an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, don haka abin da ta sani ta rubuta.

Masu son soyayya tsantsa, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino yana nan, haka Allura Cikin Ruwa da Ki Yarda Da Ni na Anti Bilki Funtuwa. Mace Mutum na Rahma Abdulmajid kuwa ba na gaggawa ba ne, yana da kauri kuma yana da ɗaci, a ba shi mako biyu. Don gajerun labarai, ki bibiyi waɗanda suke fitowa daga gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata zalla. Gargaɗi ɗaya: wasu labaran da ake turawa a WhatsApp shafi shafi ba su dace da idon budurwa ba, kai har da na matar aure. Ki riƙa duba abin da 'yarki take karantawa, ba da faɗa ba, ki ce ta turo miki ke ma.

Wadda take jin Turanci ko Faransanci, ina roƙonta ta nemi So Long a Letter na Mariama Ba, 'yar ƙasar Senegal, wanda ya fara fitowa da Faransanci a 1979. Doguwar wasiƙa ce da Ramatoulaye ta rubuta wa aminiyarta tana cikin takaba, bayan rasuwar mijin da ya juya mata baya ya auri ƙawar 'yarsu. Yadda dangin miji suka cika gida ranar zaman makoki, da yadda aka raba kuɗin gaisuwa, sai ki rantse a Kano ko Damagaram aka yi.

Mu shiga kicin. A nan akwai abin da yake ba ni takaici. Ƙananan littattafan girke girke da ake sayarwa a kasuwa da bakin masallaci suna da amfani, amma da yawansu haka za ki ga an rubuta: ki zuba fulawa, ki sa yis, ki kwaɓa, ki bari ya tashi. Fulawa nawa? Yis nawa? Ya tashi na tsawon wane lokaci, a zafin Afrilu ko a sanyin Janairu? Wadda ta iya ba ta bukatar littafin, wadda ba ta iya ba kuma littafin bai koya mata ba. Saboda haka kafin ki biya kuɗi, ki buɗe tsakiya ki duba. In kin ga awo, gwangwani kaza, cokali kaza, minti kaza, ki saya. In babu, ki mayar masa da abinsa.

Littafin da ya fi gyara mini tunani a kan girki ba na girke girke ba ne kai tsaye. Sunansa Salt, Fat, Acid, Heat, na Samin Nosrat, 'yar Amurka ce amma iyayenta mutanen Iran ne, ya fito a 2017. Maganarta ita ce duk abincin duniya a kan abu huɗu yake tsaye: gishiri, mai, tsami, da wuta. Ki auna da namu ki gani. Naman da aka sa wa gishiri tun da wuri ya jiƙa ya fi wanda aka barbaɗa wa a tukunya. Cokali ɗaya na man shanu a kan miyar kuka ya raba ta da ta makwabta. Yakuwa a miyar taushe, tsamiya a kunu, lemon tsami a kwaɗon zogale, duk aiki ɗaya suke yi, su ne suke farkar da harshe in abinci ya yi nauyi. Wuta kuwa, wadda ta taɓa ƙona masa a waje cikinta ɗanye ta san zancen. Kakanninmu sun san duk wannan a hannu, ita dai ta ba shi suna ne. Amfaninsa shi ne ranar da miya ta ƙi daɗi, maimakon ki ƙara dunƙule na biyar, sai ki tsaya ki tambayi kanki a cikin huɗun nan wanne ne ya gaza.

Na biyu shi ne Feast na Anissa Helou, haifaffiyar Beirut, wanda ya fito a 2018. Ta tattaro girki sama da 300 daga ƙasashen Musulmi, tun daga Senegal har Indonesiya, da burodinsu da shinkafarsu da kayan zaƙinsu na azumi da salla. Babba ne kuma yana da tsada, irin wanda mata uku za su haɗa kuɗi su saya ne, ko a roƙi mai tafiya ya riƙo. Ko ba ki dafa komai a ciki ba, karatunsa kaɗai yawon duniya ne. Za ki ga alkaki da dubulan da gurasa suna da dangi a wurare masu nisa. Kuma kada ki ɗauka rubuta girki baƙon abu ne a wurinmu. Tun ƙarni na 10 wani marubuci a Bagadaza, Ibn Sayyar al-Warraƙ, ya tara girki sama da 600 na fadar halifofi a littafi guda, har da babi a kan wanke hannu da sakace. Nawal Nasrallah, 'yar Iraƙi, ta fassara shi zuwa Turanci a 2007.

Wani abin dariya kuma abin tunani: accar nan da ake nomawa a Filato da Bauci da kudancin Kaduna, wadda wasunmu ba sa waiwaya sai likita ya ce akwai ciwon suga, wani kuku ɗan Senegal mai suna Pierre Thiam ya yi mata littafi sukutum a 2019, The Fonio Cookbook, ana sayar da ita a manyan kantunan Amurka da tsada. Mu kuwa muna nan daga fate sai tuwo. Don girkin Nijeriya baki ɗaya akwai Chop Chop na Ozoz Sokoh, na 2025. Sai dai a littattafan waje za ki riƙa cin karo da naman alade ko giya a cikin kayan haɗi. Ki tsallake, ko ki musanya da naman rago da ruwan khal ko lemon tsami, girkin ba zai lalace ba.

Amma littafin girkin da ya fi kowanne daraja ba a kanti yake ba. Ki sayi babban littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, ki je wurin Hajiya ko Inna ko gwaggo tun suna raye, ki zauna kusa da murhu. In ta ce a ɗan zuba kanwa, ki tare hannunta ki auna da cokali ki rubuta. Yadda ake daddawa, yadda ake dambun nama ya yi wata bai lalace ba, yadda ake nakiya da alkakin gara, yajin jego da abin da ake sa masa, kunun kanwa na mai jego. Tsofaffi nawa suka tafi da miyarsu? Kowane gida akwai abincin da ake cewa tun da wance ta rasu ba a sake cin irinsa ba. Wannan littafi ki sa shi a kayan 'yarki ranar da za a kai ta. In kina son ki ga darajar irin wannan aiki, ki nemi Baba of Karo, labarin wata tsohuwa Bahaushiya da Mary Smith ta zauna da ita ta rubuta daga bakinta, aka buga a 1954, daga baya kuma aka fitar da shi da Hausa. Aure, haihuwa, suna, ƙawance, sana'ar mata a cikin kulle, duk ta zayyana. Da ba a rubuta ba, da ya bi ta kabari.

Saura ɓangaren da na san wasu za su ce mene ne haɗin uwargida da shi, wato littattafan halittu, na itatuwa da tsuntsaye da dabbobi. Ki gwada wannan a gida yau: ki ce yaronki ya lissafa itatuwa goma da Hausa. Zai ce mangwaro, darbejiya, gwaiba, sai ya tsaya. Ina gawo, da marke, da kanya, da ɗinya, da aduwa, da kaɗanya, da maɗaci? Yana shan kunun tsamiya bai taɓa ganin bishiyarta ba. Ya san sunan zakin katun, bai san carki ko cilakowa ko gauraka ba. In sunan abu ya ɓace a bakin yara, ranar da za a sare shi ba mai tambaya.

Da Hausa akwai Ikon Allah, wanda Abubakar Imam da Rupert East suka rubuta a kan halittu iri iri na duniya, tsohon bugun Zariya. Samunsa sai an tona, ki tambayi tsofaffin malaman firamare ko ɗakin karatu na jiha, in kin samu ki yi hotonsa ki adana. In maigida ko wani a gidan yana karanta Larabci, ki sa shi ya riƙa fassara muku Hayatul Hayawan na Imam Damiri, malamin Masar da ya rasu a 1405. Ya jera dabbobi bisa haruffa, ya fara da zaki, kowace dabba ya kawo sunayenta da ɗabi'unta da hukuncin cin namanta da karin maganar da Larabawa suka yi da ita, har da fassarar ganinta a mafarki. Ba duk abin da ke ciki ne ilmin yau ya tabbatar ba, musamman wajen magunguna, don haka a sha hira da shi amma kada a haɗa magani da shi.

Na tsuntsaye kuwa, Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey ba ya bukatar Turanci mai yawa, domin zane ne shafi bayan shafi. Ki ajiye shi a tsakar gida, yara su riƙa neman tsuntsun da ya sauka a kan katanga, kaka ta faɗi sunansa da Hausa, a rubuta a gefe da fensir. A nan za ku gane cewa shamuwar da muke cewa ta kawo damina, in ta bar mu gabashi da kudancin Afirka take tafiya ta dawo. Kuma a lokacin sanyi tsuntsaye suna tasowa tun daga Turai su ƙetare Sahara su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru. Yaron da ya san wannan zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga danƙo.

Akwai kuma Unbowed, tarihin rayuwar Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta tara matan karkara suka dasa miliyoyin itatuwa tun daga 1977, ta zama mace ta farko a Afirka da ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004. Ta ba da labarin wani babban ɓaure da ƙoramar da take wasa a ciki tana yarinya. Da aka sare bishiyar, ƙoramar ta ƙafe. Ta sha duka da ɗauri da gorin cewa ita bazawara ce, ba ta fasa ba. Na kusa da mu kuma shi ne The Forest Underground na Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya da ya zauna a Maraɗi tun farkon shekarun 1980. Ɗan mishan ne, kuma za ki ga hakan a rubutunsa, amma abin da ya bayar labari aikin manoman Hausa ne. An yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, sai aka lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara saiwarsu tana raye a ƙasa. In aka bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka datse sauran, bishiya za ta dawo da kanta. Da wannan dabara, da ake kira sassaben zamani, gonaki masu faɗin kadada wajen miliyan 5 suka sake yin itatuwa a Nijar, musamman yankin Maraɗi da Damagaram. Wa ya fi cin riba? Matar da a da take yin rabin yini tana neman itacen girki.

Game da inda za a samu: tsofaffin littattafan Hausa har yanzu ana samunsu a shagunan littattafan makaranta, domin wasunsu suna cikin manhajar jarrabawa. Na waje kuwa sai manyan kantunan littattafai ko a yi oda ta intanet. In kuɗi ya yi kaɗan, ku yi adashinsa, mata biyar kowa ta sayi ɗaya, ku riƙa musanya duk ranar Juma'a. Sai dai ki rubuta sunanki a shafin farko da na tsakiya, ki kuma rubuta sunan duk wadda ta ara da ranar da ta ɗauka, domin mu mata mun fi saurin mayar da aron tukunya a kan aron littafi.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba wasiƙunku a kan ƙarshen labarin Rabi. A gaida maigida da yara.